Tsutsar da Ke Sake Kai

Da 'yarsa ta miƙa masa wayar, tsohon dillalin ya kalli hoton ya ja tsaki. Wata 'yar tsutsa ce shimfiɗaɗɗiya, kamar wadda mahauta ke kankarewa daga hantar saniya su yar.

"Wannan ce digirin? Ana ta cewa 'yata ta zama dakta, ashe kiwon tsutsa kika tafi."

"Baba, ko an yanke mata kai, wani take fitarwa, har da ƙwaƙwalwa. Ƙwayoyin gadonta muke bincike, ko ma gano kan cutar da ke cinye tunanin tsofaffi."

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. Shi da ya tsufa a Kasuwar Shanu, yana gane lafiyar bijimi tun daga takunsa, yau shi aka zaunar ana yi wa wa'azin tsutsa. 'Ya'yan wasu suna asibiti suna duba mutane, tasa tana gadin abin da ko kaza sai ta yi shawara kafin ta haɗiye.

"Baba," ta ce a hankali, "jiya ma na nuna maka. Irin dariyar nan ka yi."

Ji rainin wayo. Ya buɗe baki zai kira sunanta ya tsawatar mata, sai ya ji wayam. Ya laluba, ya sake lalubawa, babu. Ya ce a ransa ai alkunya ce, uba ba ya kiran sunan 'yar fari.

Sai dai ita ce auta, kuma shi da bakinsa ya raɗa mata sunan a kunne.