Ragon da ke Cikin Rijiya

Nafi'u, ajiye takardun nan biyu, ta soja da ta jami'a, ka saurari kawunka. Na ji shirin da kake ƙullawa: ka tafi horon soja a ɓoye, abokinka ya riƙa sa maka hannu a jami'a don kada a yanke tallafin karatunka. Ni a aji huɗu na tsaya, ban san dokar jami'a ba. Amma na san rijiya.

An yi wani mahaƙin rijiya da mutanen gari suka ɗauki nauyin cinsa har ya kai ruwa. Kullum mata su zura masa ƙwaryar fura da igiya. Ya haƙa zurfin gaba goma sha biyu, ƙasa har ta fara danshi, sai tsoro ya kama shi. Numfashi na wuya a can ƙasa, ga tsakuwa na zubo masa a ƙeya. Ana nan mafarauta suka zo neman maza, za su bi wata ɓauna da ke kashe mutane a gonaki. Can ma abin tsoro ne, amma akwai nama da suna. Ya rasa wanda zai saki. Sai gogan naka ya zura wani rago mai shiru-shiru cikin rijiyar, ya ɗauki baka ya bi su. Fura ta sauka, ƙwarya ta dawo fes. Mata har cewa suke, "Tubarkalla, mai haƙa ya samu ci!"

Rana ta uku aka yi wa ɓauna zobe, kowa da gurbinsa. Ciyawa na motsi, ana jin hucinta. Sai mahaƙin ya hango hadari baƙi ƙirin ta wajen gari, ya tuna bakin rijiya a buɗe yake. Ya bar gurbinsa ya ranta a na kare. Ta nan kuwa ɓaunar ta ɓullo, ta soke na kusa da shi a cinya. Ko da ya isa gari, ruwa ya riga shi, rijiya ta rufta. Maza na tono da hannu har farce na jini, uwarsa na birgima cikin taɓo tana kiran sunansa. Aka tona, aka tona, aka ciro mushen rago. Suka waiwaya, ga shi tsaye da baka. Rabinsu suka watse, wai fatalwa. Sauran ba su gudu ba, kallonsa kawai suke. Kafin ya buɗe baki sai ga mafarauta ɗauke da mutum jina-jina, suna tambayar ina wanda ya buɗe zobe.

To Nafi'u, rijiya da tsoro, daji ma da tsoro, kuma ba ni zan zaɓa maka ba. Ɗauki takarda ɗaya, ka je ka faɗa wa masu ɗayar gaskiya da bakinka, tun hadari bai taso ba. Taura biyu ba ta taunuwa.