Kalmar da Auta Ta Hana a Faɗa

Wani sashe na wannan labari ya kuɓuce mini. Ban tuna ko damina ce ko rani, sunan titin ma ya tafi tare da wasu abubuwan da na so riƙewa. Abin da ya rage zan ba ku, game da wani abokina da muka yi aiki tare a ɗakin karatu kafin tsufa ya zaunar da mu.

A gidansa, a ƙarƙashin teburinsa, akwai wata tsohuwar kwamfuta da ba a kashe ta. 'Yarsa Auta ce ta mai da ita sabar, wato cibiyar ajiya da ayyukan gida, kafin aiki ya ɗauke ta zuwa nesa. Manhaja ɗaya ta saka mata mai ayyuka da yawa, kowane aiki kuma ta raɗa masa suna. Mai kai imel Yaya, don ba ya zama wuri ɗaya. Mai kula da firinta Kawu, saboda mita. Ma'ajiyar hotuna da sauti kuwa Inna, don a nan muryar marigayiya matarsa take. Kowace safiya sai ya danna, ta ce masa: "Malam, shayinka zai huce."

Wata safiya ya danna, shiru. Daga cikin akwatin kwamfutar wata ƙara ce ke fitowa, ƙas, ƙas, kamar ɓera na cin katako.

Bai daɗe yana kallon akwatin ba sai ga wata mata ta shigo da jaka a kafaɗa. Ya gane daga kamfani take, irinsu duk haka suke, ba dogon gaisuwa. Ta tsallake tayil ɗin nan da ya ɗaga a bakin ƙofa, ta zura hannu bayan kabad ta lalubo soket. Ya ce a ransa, masu gyaran yanzu sun san aikinsu.

"Baba, faifan ajiyar ne ke mutuwa," ta ce. "Sai mun haɗa sabuwar sabar mun kwashe kayan tun yana juyawa."

Ta fara da laftof mai Windows. Nan aikin bai ba ta wahala ba: ta danna gaba, ta danna gaba, manhajar ta zauna. Ta rubuta sunayen ayyukan ɗaya bayan ɗaya. Yaya ya tashi. Kawu ya yi tari, ya tofo takarda. Da ta zo kan Inna sai wani ɗan akwati ya fito a allo yana neman kalmar sirri.

Ya san kalmar. Shi ya zaɓe ta da kansa, yana rufe da allon da tafin hannu, Auta ta juya baya tana dariya. Ranar ta sa shi ya yi alkawari: kada ya faɗa wa kowa, ko da mutum ya ce ita ta aiko shi.

"Sai 'yata ta zo," ya ce.

Matar ta ture laftof ɗin gefe. Ta jawo wata kwamfutar mai Linux, ta shiga rubuta umarni a baƙin allo. Ta ba kowane aiki izininsa, ta buɗe masa ƙofarsa, tana fatan ko ta nan za ta iya zagaye kalmar sirrin. Ɗan akwatin kalmar sirrin ya sake fitowa. Ta fita, ta dawo da kwamfutar Mac ta wani maƙwabci, ta sake komai tun daga farko. Ɗan akwatin nan ne dai ya fito. Wanda ya kulle Inna ya kulle ta da kyau, ba ruwan makullin da irin kwamfutar da aka zo da ita.

Ƙas ɗin ya fara jinkiri, sai ya tsaya, sai ya dawo.

"Baba, don Allah. Ba sai ka faɗa mini ba. Ka rubuta da hannunka, ni zan juya baya."

Nan ne ya tabbatar da zarginsa. Wa ya gaya mata sunan Kawu da Yaya? Shi dai bai faɗa ba.

"'Yar nan, na girme wa wannan wayon. Auta ta gargaɗe ni da irinku. Ita kuwa da ta zo, kafin ruwa ya tafasa ta gama abin da ya gagare ki tun safe."

"Haka ne, Baba," ta ce. "Ta iya kulle abu."

Ta durƙusa kusa da tebur, ta ɗora tafinta a kan akwatin kamar mai taɓa goshin marar lafiya. Tana nan a haka har ƙarar ta ɗauke. Ta jira. Ƙarar ba ta dawo ba.

Ta naɗe wayoyinta a hankali. Ta bar masa Yaya da Kawu suna aiki a sabuwar kwamfuta. Sannan ta shiga kicin, bai ji ta buɗe kabad fiye da ɗaya ba, ta kawo masa shayi a kofin da ya fi so.

"Zai huce," ta ce.

Ya ɗaga kai da sauri. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya mai da idonsa kan akwatin.

Da na je duba shi, shi ya ba ni labarin nan, yana alfahari da cewa bai karya alkawari ba. Abin da ke cin ransa shi ne Auta ko waya ba ta yi. Har yanzu kowace safiya yana dannawa.

Kamar yadda na ce, ban ƙara amincewa da ƙwaƙwalwata ba, don haka na je na tambayi maƙwabcin nan mai Mac, na kuma sake tambayarsa washegari. Amsarsa ba ta sauya ba: babu kamfanin da ya turo kowa gidan. Matar Auta ce, kuma a ɗakin da ke bayan nasa take kwana tun shekarar da ya daina gane ta.