Gidan Abincin Kan Tudu

Hedimasta ya ture farantin ba tare da ya ɗaga murfinsa ba.

"Na ƙoshi," ya ce.

Matarsa ta ɗauke, ta wuce kicin abinta. Abin da ya fi ba shi haushi ke nan. Da can idan ya ƙi cin abinci sai gidan ya rikice, amma tun da ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar banɗaki aka kai shi asibiti, ta daina lallashi.

A asibitin ne wata likita ta sa shi cikin binciken da suke yi kan masu hawan jini da kitse a jini, don a ga ko rage gishiri da mai da kuma yawan tafiya za su kare su daga ciwon zuciya. Ya amince don 'ya'yansa sun tsare shi da ido. Likitar ta ce masa faɗuwa ta gaba ba lallai ya tashi ba. Ya ji, amma a hanyar gida ya yanke hukunci: ƙafarsa ta yi ritaya tare da shi, abinci marar gishiri kuwa sau ɗaya ya ɗanɗana a makon farko, ya ce ko fursuna ba a yi wa haka.

Ƙanin matarsa ne ya cece shi. Abokin wasansa ne, kuma kullum da safe yakan biyo ya gaida yayarsa kafin ya wuce wurin aiki, ya shiga kicin ya fito rungume da jaka.

"Kai dai ka mori 'yar'uwa," Hedimasta ya ce masa wata safiya. "Ni ana kashe ni da yunwa."

Mutumin ya waiga, ya rage murya. "Akwai wani gidan abinci a kan tudu, bayan ofishinmu. Ba wanda ya san ka a can. Ka ce ni na turo ka. Amma idan asiri ya tonu ban san ka ba."

Matsalar ita ce zuwa. Makullin mota yana hannun uwargida. Masu babur na bakin titi kuwa rabinsu tsofaffin ɗalibansa ne, kafin ya sauka labari ya riga shi gida. Haka mutumin da ya ƙare aikinsa yana kama yara masu tsallake katanga ya fara sulalewa a ƙafa ta ƙofar baya da hantsi, yana cewa zai je karanta jarida.

Ranar farko sai da ya zauna ya huta a hanya, gumi ya jiƙe masa riga, yana tsine wa wanda ya gina shago a kan tudu. Mai abincin, wata mace mai fara'a, tana jin sunan wanda ya turo shi ta wuce tukwanen da ke gabanta ta shiga ciki.

"Naka na manyan baƙi ne," ta ce.

Shinkafa ce da kifi da ganye, ƙamshin tafarnuwa da citta yana tashi. Ya cinye tas har da suɗe cokali. Rabon da ya ji daɗin abinci haka tun kafin faɗuwarsa. Ya ce a ransa, ga masu sanin darajar gishiri da mai.

Daga nan kullum sai ya hau. A hankali ya daina hutawa a hanya. Wandunansa suka fara zamewa, har ya ƙara wa bel huda. Idan ya dawo matarsa takan tambaye shi me jarida ta ce, ya ƙirƙiro mata labarin duniya, ita kuma ta gyaɗa kai tana wanke babbar tukunyarta. Wani lokaci tausayinta yakan kama shi, baiwar Allah tana ta girkin da ba mai ci.

Da lokacin awo ya zagayo, likitar ta auna jininsa, ta sake aunawa, ta zagaya masa tef a ƙugu.

"Baba, hawan jinin ya sauka, kitsen jini ya ragu. Cikin duk mutanenmu kai ne ka fi bin doka. Ranar taron rufe bincike ina so ka yi wa sauran jawabi."

Da ƙyar ya danne dariya. Jawabi kam zai yi. Zai tashi gaban likitoci da matarsa ya sanar da su cewa duk tsawon binciken bai bi dokar abincinsu ko sau ɗaya ba, ga shi garau. Har ya tsara yadda zai ɗan dakata kafin ya faɗi, kamar yadda yake yi a taron ɗalibai.

Ana jibi taron, matarsa ta zame a tsakar gida ta karye a hannu. Ya kai ta aka yi mata ɗori, ya dawo da ita, ya gyara mata matashi. Washegari da hantsi ya zauna kusa da ita yana ta juye-juye, cikinsa na kuka.

"Je ka karanta jaridarka," ta ce, idonta a rufe.

Ya hau tudun da kunya a ransa, amma ya hau. Ya zauna a kujerarsa ta kullum. Mai abincin ta gan shi, sai dai yau ba ta shiga ciki ba. Ta zo ta tsaya tana goge hannu da zani.

"Yau sai haƙuri, Hedimasta."

"Ga tukwane cike a gabanki."

"Waɗannan ta rantsar da ni kada in ba ka ko loma," ta ce. "Naka kuwa, tun da matarka ta karye a hannu, wa zai dafa ya aiko?"