Fuskar da ke Saman Ƙofar Garside

Da safiyar Talata Wilfred Garside ya roƙi matarsa Doreen alfarma ɗaya: kada ta fito, kada ta leƙo ta taga, sai baƙon da suke jira ya tafi. Duk wanda ya san bakin Doreen a ƙauyenmu ba zai ga laifinsa ba.

Hukuma za ta faɗaɗa titi, gidansu kuwa shi ya tsaya mata a hanya. An ba su wata uku su kwashe nasu ya nasu, bayan shekara arba'in da ɗaya suna ciki. Mafita ɗaya ce ta rage. In masanin gine-ginen tarihi ya sa hannu cewa akwai aikin mutanen da a jikin gidan, to ko ƙusa ba mai iya zarewa.

Wilfred magini ne, ya tsufa yana sassaƙa dutse wurin gyaran coci-coci. Irin maginan nan ne masu shafa wa sabon dutse kindirmo da kashin shanu, don ya yi gansakuka da wuri, kada ya tona asirin kansa a cikin tsofaffi. Ba mai yawan magana ba ne, amma a watan nan kowa ya ga ya rame.

Masanin, Mista Pendlebury, ya iso da lema da ɗan littafi. Ya ƙwanƙwasa bango, ya taɓe baki. Ya leƙa katakon rufi, ya ce duka-duka gidan bai wuce shekara ɗari ba, irinsa kuwa sun fi tumaki yawa a gundumar nan. Ya rufe littafin.

A bakin ƙofa yayyafi ya tare shi. Ya ɗaga kai zai buɗe lema, sai ya tsaya cak. Ya ce a kawo tsani.

Fuskar mace ce aka sassaƙa a dutsen da ke saman ƙofar, gansakuka ta ci rabinta. Hancin ya karkata hagu, ga wushirya, ga tawadar Allah a haɓa.

"Baba, tun yaushe wannan take nan?"

"Ta daɗe, yallaɓai," in ji Wilfred.

"Daɗewa kawai? Shekara ɗari shida, ko fiye! Ai mutanen da sukan sassaƙa fuska mai muni su kafa a ƙofa don korar aljanu. Na ga da yawa, amma wallahi ban ga wadda ta kai wannan ba. Ko ni sai da gabana ya faɗi."

Wilfred ya zuba wa takalmansa ido. A cikin gida wata tukunya ta faɗi.

"Kyanwa ce," in ji Wilfred.

A saman tsanin Mista Pendlebury ya sa hannu, cike da zumuɗi. Gida ya tsira. Motar masanin ta sha kwana ta ɓace, Wilfred kuwa ya ci gaba da tsayuwa cikin ruwan, bai nuna alamar yana saurin shiga ba.

Ƙofa ta buɗe.

"Korar aljanu, ko, angona?" in ji Doreen, tana tsaye ƙarƙashin kyautar da ya sassaƙa mata a makon aurensu, hancinta a karkace hagu, ga wushirya, ga tawadar Allah a haɓa.