Kunnen Kinako

Chizuru ta dire kejin zomonta a kan teburin likitan dabbobi.

"Bara ka ce ka dandaƙe min Kinako. To ga shi sai watsa fitsari yake a tabarma, yana hawa ƙafar baƙi. Ƙarya ka shara min ke nan?"

Mijinta Noboru ya ja hannun rigarta. "Don Allah mu tafi gida."

"Sake ni. In kai ba ka da baki, ni ina da shi."

Likita ya juya zomon, ya shafa ƙasan cikinsa. "Malama, wannan ba a taɓa dandaƙe shi ba."

"Ka dai faɗa da bakinka."

"Kinako kam da hannuna na yi masa aiki. Yana da tabon cizo a kunnen hagu. Duba wannan."

Ta duba. Kunnen sumul.

Ta juyo a hankali. "Noboru, wata biyun da na yi kwance a asibiti, me ka yi? Ina zomona?"

Ya sunkuyar da kai. "Ya mutu, yana binne cikin tukunyar furen da na ba ki ranar da aka sallamo ki. Wadda kike ba ruwa kullum da safe."