Muryar Iya Tabawa

Tun da aka halatta sayen muryar matattu, dillalai suka hana Hansatu sakat. Kakarta, Iya Tabawa, zabiya ce, kuma muryarta ba ta rage ko'ina ba sai a faifai goma sha biyu da garmahon da ta bar mata.

Yau ma Ɗanlami dillali ya zo, ya zauna yana shafa akwatin garmahon.

"Malama, ɗakinki na yoyo, kin zauna gadin tsohon ƙarfe. Kamfani zai raya muryar kakarki, ta yi ta waƙa."

"Waƙar me? Jiya na ji marigayi limaminmu yana tallan maganin basir da muryar da yake jan salla."

"Ai iyalansa sun gina bene."

Hansatu ta dubi bokitin da ke tare ruwa a kan gadonta, ta ja tsaki.

"Ba na sayarwa."

"To, saka mini ɗaya in ji, don albarka."

Har ta ɗauki allura za ta ɗora, sai ta ga ɗan hasken na'urar naɗar murya yana ƙyaftawa a maɓallin rigarsa. Ta rufe akwatin, ta nuna masa ƙofa.

Daga ranar, ko ita ba ta sauraron Iya sai ta toshe tagogi da tsumma.