Gorar da Firisila Ta Kawo

Kudirat ta kwance murfin gorar, warin ya buge ta, ta yi saurin kau da kai. Baƙin ruwa ne mai kauri, wani abu kamar dusa ya kwanta a gindinsa. Firisila ce ta kawo shi ɗakin ba da magani na asibitin da Kudirat ke aiki, kwana uku bayan an binne mijinta Mwadkon a Naraguta.

Shi ne na huɗu da ya rasu cikin wata biyar. Duk masu kansar mafitsara ne, kuma duk Kudirat ce ta zaunar da su ta yi musu bayani: ga allurar da ke rage sinadarin maza, ga manyan ƙwayoyi da ake sha kafin a karya, ga ƙaramar ƙwaya mai tare ɓarnar manyan. In aka bar ƙaramar, jini ya hau, ƙafa ta kumbura, zuciya ta rikice. In aka ɗora wani jiƙo a kai, hanta ce ke shan wahala.

Firisila ta ce mai sayar da jiƙon ne ya hana mijinta shan ƙaramar, wai tana kashe ƙarfin jiƙon. Ita ba ta taɓa ganin mutumin ba. A bencin asibitin nan marigayin ya samo lambar wayarsa.

A ranar Larabar nan ne Oga Benedict ya zo karɓar nasa maganin. Da shi Kudirat ke ba da misali. Shekara biyu bai tsallake ƙwaya ko ɗaya ba. Yakan iso kafin a buɗe, ya zauna cikin sababbin majinyata yana kwantar musu da hankali. Ko shayin ganye aka ba shi, sai ya tambaye ta ko zai yi karo da maganin. Sakamakon awon jininsa kullum ƙara kyau yake, kuma ba ya tafiya sai an ba shi kwafi.

Ta nuna masa gorar. Ya toshe hanci da hankici.

"Anti, ni ko ɗaure ni aka yi, wannan ba zai shiga bakina ba."

Ran Asabar da hantsi ta kira lambar, ta ce mahaifinta ne ba lafiya. Wata mata ta kwatanta mata wani gida a bayan kasuwar Bukuru.

Duro biyu ne na jiƙon a tsakar gidan, ba murfi, ƙudaje sun yi baƙi a bakinsu. Ana ɗauraye gorunan da aka tsinto a bola cikin baho ɗaya mai kumfa. Dattawa sun cika benci, ɗaya na riƙe da ledar fitsarinsa a cinya. Ta gane majinyatanta uku a cikinsu, suka sunkuyar da kai. Ta wuce su ta nufi ƙofar ɗakin.

Daga cikin ɗaki mai magani yake yi wa wasu jawabi. Shi ma ciwon ya kama shi, in ji shi, amma ƙwayar asibiti ba ta taɓa wuce maƙogwaronsa ba. Jiƙon nan kaɗai ya tashe shi, kuma ga takarda ga duk mai shakka.

Kudirat ta ɗaga labulen. Oga Benedict ne a tsaye, yana nuna musu sakamakon awon da ta miƙa masa da hannunta ran Laraba.